Wuyan Rigar Baba Japan

Kai, ajiye katakon nan. Ba da hannun da ka ci shawarma za ka taɓa min shi ba. Ku zauna can kan benci ku sha AC, tunda na san shi ya hawo da ku benen nan, ba gaisuwa ba. Ɗazu ina jin ɗayanku yana cewa wai wannan har wani aiki ne, a ɗauko hoto a waya, a kai wa masu firinta na ƙasa, minti biyu an gama. To madalla. Ni ma na taɓa yarda da waya sau ɗaya, kuma abin da ta jawo min shi ne wannan katakon da na hana ku taɓawa. Shekara goma sha ɗaya yana kwance a durowa ban gama shi ba. Ku duba nan sama, kun ga wurin da wuƙa ba ta taɓa ba, sumul? Wurin rubuta ranar mutuwar mutumin da ke jikin katakon ne. Ni na sassaƙa shi, alhali mutumin yana tsaye da ƙafafunsa.

Ni ba da wannan sana'ar na shigo Dubai ba. Mahaifina masassaƙi ne a Kano, turmi da akushi da allon karatu, da gizago a hannu na buɗe ido. Da na zo sai na faɗa kasuwar Murshid, shagon kago na Alhaji Bala, ina buga akwatunan katako ana zuba kaya ana turawa gida. Wata rana da hantsi sai ga wani ɗan tsoho gajere, kai fari fat, yana neman akwatin da zai ɗauki hotuna masu gilashi. Kafintoci uku ya riga ya raina aikinsu a layin. Ya tsaya a kaina har na gama, sannan ya kama hannuna ya juya yana duba babban yatsana kamar mai tayin rago. Da guntun Larabcinsa, irin wanda duk muke yi a kasuwa, ya ce in zo gobe.

Da ya tafi Alhaji Bala ya ce, "Malam Sabi'u, ka san ko wane ne wannan? Baba Japan ke nan na saman bene. Mutane fa yake sassaƙawa."

Na ce, "Alhaji, a takarda suke fitowa."

Ya ce, "To, kai da Ubangijinka. Ni dai ba zan yi sallah a ɗakin ba."

Sunansa na gaskiya ya fi ƙarfin harshenmu, shi ya sa duk layin Baba Japan ake ce masa. Shi kuma nawa sunan ya datse shi, Sabi yake kirana.

Shekara biyu cur ban yanki ko layi ɗaya ba. Wuƙa nake wasawa, takarda nake jiƙawa. Kada ku yi dariya, jiƙa takarda a garin nan ilimi ne. Waje tururi, ciki AC ya busar da komai. In danshi ya yi mata yawa launi ya bazu, in ya gaza launi ya ƙi zama. Baba ba ya auna ta da komai sai kuncinsa. Zai ɗora ta ya lumshe ido, ya ce ta yi ko ba ta yi ba. Na tambaye shi yadda ake ganewa, ya ce in ta yi sanyin fatar wanda ya fito daga wanka, ta yi. In ta wuce haka, ta zama fatar wanda aka yi wa wanka. Na ce a'uzubillahi, shi kuwa ko murmushi bai yi ba.

Hoto ɗaya da kuke gani a bango, ba katako ɗaya ne ya haife shi ba. Da farko ana zana shi a takarda shara-shara, a shafa wa katako kunun shinkafa, a kifa zanen a kai, fuska ƙasa. Ku riƙe wannan, fuska ƙasa. Sai ka bi bayan takardar da yatsa kana murzawa a hankali har layukan su fito, sannan ka ɗauki wuƙa ka bi kowane layi gefe da gefe, ka kwashe duk abin da ba layi ba. Abin da ke dama a katako hagu zai fito a takarda, shi ya sa ake kifawa, don ya koma yadda mai zane ya so. Wannan fa na baƙi ne kawai. Ja da nasa katakon, shuɗi da nasa, launin fata da nasa, wani hoton sai ya ci katako goma sha biyar. Kowanne akwai 'yan alamu biyu a gefe inda bakin takarda zai zauna, in ka kauce musu da kaurin gashi, jan leɓen mace ya koma haɓarta. Ba inji, ba komai, sai wani ɗan faifai da aka naɗe da ɓawon gora, shi za ka danna a bayan takarda kana murzawa da ƙarfin kafaɗa. Shekara tara ina gefen Baba, ban taɓa ganin ya kuskure alamar nan ba, ko sau ɗaya.

Wuƙar kuwa ga ta, ku kalla daga nesa. Ba a riƙe ta kamar biro. Dunƙule hannu ake yi a kanta, babban yatsa a sama, yatsan ɗaya hannun yana tokare da ita don kada ta zarce. Wannan da kuke gani ta kai tsawon yatsa lokacin da Baba ya saye ta yana saurayi, wasawa ce ta cinye ta har ta koma haka. Ranar da ya fara ba ni ita na yanki ganyen bishiya, na zarce na haɗa da tafin hannuna. Bai kalli hannun ba. Katakon ya fara ɗauka ya goge, don jini in ya shiga katako ba ya fita, sannan ya miƙo min tsumma.

Masu sayen kayanmu iri-iri ne. Otal-otal da gidajen cin abinci su suka fi ɗauka, su kuwa teku suke so da dutse da furanni, abin da ba zai hana baƙo haɗiye loma ba. Akwai masu son mayaƙan da, masu sulke da takubba bibbiyu. Akwai masu son 'yan wasan kwaikwayo, waɗanda suka murtuke fuska, baki a karkace, ƙwayar ido ta haɗu wuri guda. Ni na fi son na talakawa, 'yan dako suna tsallaka gada ruwa na dukansu, mace tana wanke kai a baho, mai kifi da kwandonsa. Wata Hajiya da ta zo sayayyar kayan ɗaki ta taɓa tsayawa gaban na 'yan dakon ta ce, "Ikon Allah, ashe su ma suna shan wahala." Ta ce a ba ta biyu, amma a rage wa ɗayan ruwan saman.

Akwai wani aiki da ba na mantawa. Wani Balarabe mai tara kayan da ya kawo tsohon hoto a gyara masa, ƙwari sun ci gefensa. Mace ce cikin farar riga, gashi ya zubo ya rufe rabin fuska, hannaye a sake suna reto a gabanta. Daga gwiwa zuwa ƙasa babu komai, rigar ta dushe ta bi iska. Ni da rawar kaina na ce, "Baba, rana ta cinye ƙafafun, in gwada mayar mata?"

Ya kalle ni ta saman tabarau ya ce, "Ba ta da su. Fatalwa ce. A garinmu wanda ya dawo ba ya taka ƙasa."

Kwana huɗu matar nan tana kan teburina. Duk inda na tsaya a shagon, idon nan ɗaya da gashi bai rufe ba yana kaina. In zan yi azahar sai na kifa ta na ɗora littafi a kai. Kwana huɗu ina kallon inda ƙafa ya kamata ta kasance, ban taɓa kallon wuyan rigarta ba. Da na kalla, da yau ba wannan zancen muke ba.

Abu biyu Baba ya hana ni. Na farko durowar ƙasa ta wancan kabad ɗin. Ba makulli a jikinta, cewa kawai ya yi kada in buɗe, ni kuma ba a yi min tarbiyyar buɗe abin mutane ba. Sau ɗaya a shekara, lokacin tsananin zafi, yakan aike ni, in na dawo in tarar shagon yana ƙanshin turaren tsinke, shi kuma yana mayar da durowar. Na biyu fuska da gashi. Na yanki riguna, na yanki igiyar ruwa, na yanki ganye har ba adadi, amma da an zo goshi, inda gashi ke tsirowa siri-siri, sai ya janye katakon ya ce, "Shwaiya shwaiya, Sabi." Wato a hankali, a hankali. A wurinsu mai yanka gashi shi ne ya isa. Shekara tara ina jin shwaiya shwaiya, har na fara jin haushinsa, ba zan ɓoye muku ba.

Sai ciwon zuciya ya kama shi. Hawa benen nan ya koma sai ya huta sau uku. Likita ya ce aiki za a yi, shi kuma ya ce in dai yanka shi za a yi, to a garinsu za a yanka shi. Aka sa tafiya nan da wata biyu. Ba mata, ba ɗa, sai 'yar ƙanwarsa guda da za ta karɓe shi a can. Ni kuma na ƙudurta a raina cewa kafin ya tafi sai na yanki fuskarsa da gashinsa da hannuna, in ba shi kyauta, ya gani da idonsa ko na isa ko ban isa ba.

A ɗakina na unguwar International City na yi aikin, bayan sallar asuba kafin motar farko, da ranakun Juma'a. Hotonsa guda ɗaya gare ni, wanda na miƙa hannu na ɗauke mu tare da kyamarar gaba, yana sanye da rigar aikinsa mai haɗewa a ƙirji, ɓari ɗaya kan ɗaya. Daga shi na yi zanen, layi bayan layi, ban ƙara ba ban rage ba. Na kifa shi fuska ƙasa yadda aka koya min. Ta fannin sana'a ban yi kuskure ko ɗaya ba. Abin da ban sani ba, 'yar banzar wayar nan madubi ce, hoton da ta ajiye min a juye yake tun asali.

Rigar tasa shuɗiya ce mai duhu, ta tsufa ta koɗe. Na ce a'a, ba zan bar maigidana cikin tsumma ba, sai na haɗa masa ruwan bula mai haske, irin shaddar da dattawanmu ke sawa ranar Juma'a. Da na nuna wa Alhaji Bala zanen kafin in kifa shi, ya nisanta shi da fuska ya ce, "Ya yi kama, har da harararsa. Amma ya za ka bar dattijo hannu sake kamar ɗan tasha? Sa masa carbi mana."

Na ce, "Alhaji, ba Musulmi ba ne."

Ya ce, "Su ma ai suna da nasu, na sha gani. Girmamawa ce."

Na ga maganarsa ta yi ma'ana, na sa carbi. Can sama kuma na bar fili ban kwashe ba, ban shafa masa tawada ba, da niyyar shi ya rubuta sunansa da kansa in yanka daga baya, tunda ban iya rubutunsu ba. Gashin kaɗai kwana goma sha ɗaya ya ci min. Sili ɗaya, ka riƙe numfashi, ka ja wuƙa, ka saki. In motar shara ta wuce a ƙasa sai na ɗaga hannu har ta yi nisa.

Saura kwana uku ya tashi na kai masa, hoton da babban katakonsa na baƙi. Tsakar rana ce ta watan Agusta, irin ranar da unguwar nan ta Deira ke mutuwa, shaguna sun ja ƙofa, ko mage ba ta tsallaka titi, gilashin taga ya yi gumi har ba a ganin waje. Na shimfiɗa hoton a teburinsa na koma gefe ina jiran yabo. Baba ya duba. Ya cire tabarau ya goge ya mayar, ya sake dubawa. Sai na ga ya kai hannu wuyan rigar da ke jikinsa yana shafawa, kamar mai son tabbatar da wani abu.

Ya ce, "Wa ya gaya maka?"

Na ce, "Gaya min me, Baba?"

"Likita ya yi magana da kai?"

Na ce ni ko likitansa ban sani ba.

Sannan ya dafa tebur ya durƙusa da ƙyar, ya jawo durowar ƙasa, ya ce in zo. Hotuna ne tsofaffi jere cikin takarda, ya dinga ɗagawa ɗaya bayan ɗaya. Maza ne a zaune, fuska a sake, ba murtukewa ba takobi. Kusan duk cikin riga ruwan bula mai haske. Kusan duk da carbi a hannu. Kowanne da rubutu a sama. Ya ce a zamanin da in babban ɗan wasa ya mutu, masassaƙa kan yi rige-rigen yanka irin wannan a fitar kan titi, da shi mutanen gari ke sanin an yi rashi. Rubutun saman kuwa suna ne, da shekaru, da ranar. Sannan ya ɗora yatsa a wuyan rigar da na yi masa.

Ya ce, "Mai rai, hagu a kan dama. Kullum. Dama a kan hagu sau ɗaya ake sa wa mutum, kuma ba shi ke sa wa kansa ba."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Wuyan riga dubu nawa na buga a shagon nan ban taɓa tambayar wane ɓari ke sama ba. Rashin sani ya fi dare duhu. Mutum zai shiga ɗakin tiyata nan da sati guda, ni kuma na kawo masa sanarwar mutuwarsa da launi bakwai na ce kyauta ce, kamar ka je dubiya ka kai likkafani a leda. Gizagon mahaifina na rataye a bango, wancan da kuke gani. Na fizgo shi zan raba katakon biyu. Tsohon da ba ya iya hawa bene ya cafke min wuyan hannu, riƙon da sai da ya bar shaida.

Ya ce, "Ajiye."

Na ajiye. Ya ɗauko gilashinsa na ƙara girman abu, ya duƙa kan goshin hoton, ya bi gashin tun daga kunne har kunne.

"Wa ya yanka wannan?"

Na ce ni ne.

"Khalas," in ji shi, wato magana ta ƙare. "Ka iya."

Maganar da na yi shekara tara ina jira ke nan, ta zo a ranar da ba ni da bakin murna. Na ce ya bari in gyara, ai akwai hanya, a ƙwaƙule wuyan rigar a dasa sabon guntun katako a sake yankawa, a canza launin, a cire carbin. Ya girgiza kai.

Ya ce, "Ni ba ɗan wasa ba ne, ba wanda zai yi min irin wannan a garinmu. Shekara hamsin ina yanka fuskokin mutane, ba wanda ya yanki tawa. Bar shi."

"Baba, kuskure ne fa."

"Yau kuskure ne," in ji shi. Ya mayar da yatsa kan filin da na bari. "Nan rana za ta shiga. Za a aiko maka, kai za ka yanka. Kafin nan kada wuƙa ta taɓa shi, kada tawada ta taɓa shi."

Sai da ya sa na yi alkawari da bakina. Hoton ya naɗe ya sa a jakarsa, katakon ya kwantar a durowa tare da sauran, shagon da wuƙaƙen ya bar min. Ku matso ku ga wani abu, amma hannu a baya. A jikin katako rigar daidai take, hagu a kan dama, ta mai rai. Sai an ɗora takarda an murza an ɗaga take juyewa. Ban sake ɗora masa takarda ba tun ranar.

Na raka shi filin jirgi. Kwana tara ba labari. Ni Musulmi ne, na san hoto ba ya kashe mutum, ajali ke kashewa. Alhaji Bala ma haka ya yi ta gaya min, amma fa tun daga ranar bai sake hawa benen nan ba, daga ƙasa yake ƙwala min kira. Na yi sadaka, na roƙi Allah ya tashi kafaɗunsa, tsoro kuwa na ji shi. In waya ta yi ƙara sai na kalli durowar kafin in kalli wayar. Rana ta goma da hantsi kira ya shigo, murya can ƙasa kamar daga rijiya. Kalma biyu ya faɗa, "Sabi, lissa." Wato tukuna. Ya kashe.

Daga nan ya zama al'ada. Kowace shekara, ranar da na kai masa hoton, da tsakar rana, waya za ta yi ƙara. "Sabi, lissa." Wani lokacin ya tambayi takarda, ko ya yi min faɗa kan wani aiki da na tura masa ya gani, wani lokacin iyakar maganar ke nan. Ni kuma duk shekara sai na ce, "Baba, in gyara wuyan rigar?" Ya ce in bar shi.

Shekarar korona ita ta kusa tashin sana'ar nan. Otal-otal suka rufe, ba mai neman hoto, na koma buga akwatuna a Murshid in an samu. Shagon ya yi watanni a kulle, wuta a kashe, zafi da tururi suka yi yadda suka so. Ranar da na buɗe, wari ne ya fara tarbata. Takardu sun yi funfuna, fuskokin 'yan wasan nan duk sun yi ɗigo-ɗigo kamar masu ƙyanda. Katakai sun banƙare sun tsattsage, na mayaƙa guda goma sha biyu da Baba ya yi shekara yana yankawa ba wanda ya tsira. Na zauna a ƙasa na jawo durowar. Katakon nan lafiyarsa ƙalau, ko sili ɗaya bai karye ba. Sai dai filin nan na sama, shi kaɗai, ya yi danshi ya yi duhu kamar an dangwala babban yatsa an ɗauke. Na goge, ya bushe. Washegari ya dawo.

A shekarar kiran bai zo a ranarsa ba. Sati ɗaya, sati biyu. Na kira ba a ɗauka. Kullum da safe kafin in taɓa komai sai na goge danshin nan, ina jin kamar in na bar shi wani abu zai tabbata. A sati na uku waya ta yi ƙara, tari ya fi maganar yawa, ashe cutar ce ta kwantar da shi. "Sabi, lissa." Da na duba katakon da yamma ya bushe ƙamas, bai kuma sake yi ba. Ku ce tururi ne, ku ce AC ne da ya dawo aiki. Ni ma abin da nake gaya wa kaina ke nan.

To, yau kun ga katakon a kan tebur, ba a durowa ba. Jiya Laraba da hantsi aka hawo min da ambulan, kan sarkin Japan a jiki. Ciki takarda ce shara-shara, irin wadda ake kifawa, an yanke ta daidai girman filin nan, ba ragi ba ƙari. Layi uku na rubutunsu, da buroshi. Ban iya karantawa ba, amma na san hannun yadda kuka san muryar iyayenku. Na kira lambarsa sai mace ta ɗauka, 'yar ƙanwar nan tasa. Da Turanci muka yi magana. Ta ce in yi haƙuri, kawunta ya rasu ranar Talata. Ya ci abincin rana, ya wanke kwanonsa, ya zauna a kujera yana kallon lambu, shi ke nan. Ba jinya, ba asibiti.

Na ce to wasiƙar fa? Ta ce ai ita ta kai gidan waya da kanta, kwana tara ke nan, a manne ya ba ta. Na ɗauki hoton takardar, da kyamarar baya wannan karon, na tura mata na ce ta karanta min. Ta duba hoton. Sannan ta ce layin farko sunansa ne, na biyu shekarunsa, na uku kuwa rana ce. Na ce wace rana? Ta ce Talatar.

Kada ku tambaye ni. Ba mai sanin ranarsa sai Allah, a kan haka aka haife ni, a kan haka zan mutu. Wataƙila jikinsa ne ya gaya masa ya yi kirdado, wataƙila kuma da ya rubuta sai ya daure ya jira ta. Abin da na sani kawai, mutumin nan bai taɓa ɗora takarda ta kauce wa alama ba.

Jiya da la'asar Alhaji Bala ya hawo benen nan yana haki, karon farko a shekara goma sha ɗaya. Ya tsaya kan katakon ya daɗe, sannan ya ce, "Ni na ce a sa carbin nan."

Na ce, "Ni na sa."

"Za ka yanka?"

Na ce, "Alhaji, alkawari kaya ne."

Bayan ya sauka na ɗauki ambulan zan adana, sai wata 'yar guntuwar takarda ta faɗo daga ƙasansa. Wannan da haruffan boko ya rubuta, don in karanta da kaina ba sai an karanta min ba. Larabcinmu ne na kasuwa, kalma uku. Sabi, alhin mazbut. Wato yanzu ya yi daidai. Na zauna a kujerarsa na yi kuka, ba na jin kunyar gaya muku. Shekara goma sha ɗaya ina roƙon ya bar ni in gyara wuyan rigar nan, ashe shi zai gyara da kansa, wuƙa ba ta taɓa katakon ba.

Kunun shinkafar ya huce. Ku matsa min daga hasken, ku kashe wayoyin nan. Layi uku ne, kuma ba ni da katako na biyu.